Jar Lamba a Kwamfutar Hajiya Hansai

Ranar Juma'a ce a tsakiyar bazara, irin ranar da kwalta ke kama takalmi. An sauko daga masallaci ba da jimawa ba. Insifekta Zaharaddeen yana zaune a ofishinsa a Batsari yana fifita da murfin fayil, sai ya ji hayaniya a kanta.

Da ya fito ya tarar da mutum uku a gaba, jama'a a baya. Ta farko Hajiya Hansai ce, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta a bakin hanyar Wagini. Kusa da ita Mansur, ɗan ƙaninta, shi ne manajan cibiyar. Na ukun Jinjiri ne, mai gyaran waya da kwamfuta, riga a yage, takalmi ƙafa ɗaya.

"Hajiya, barka da Juma'a. Lafiya dai?"

"Ina lafiya, Insifekta? An ƙona mini babbar kwamfuta. Ita ke riƙe da sauran duka."

"Wa ya ƙona?"

Mansur ya nuna Jinjiri da haɓa. "Yallaɓai, wannan. Jiya Gwaggo ta kira shi ya share mata ƙura. Ya kwance fankar asali ya sace, ya ɗaura mana ta bola. Yau zafi ya kai ta bango, ta kama da wuta muna masallaci."

"Ka ga lokacin da ya sace?"

"Ban gani ba. Amma kwamfutar da kanta ta faɗa."

Mansur ya karɓi wayar Hajiya ya miƙa wa Insifekta. Hoton fuskar kwamfuta ne, da layuka uku na lambobi. Biyu baƙaƙe ne. Na uku ja ne wur: 127.

"Wannan manhajar auna zafi ce," in ji Mansur. "Jinjirin ne ma ya sa mana ita. Ruwa a digiri ɗari yake tafasa, Yallaɓai. Ka ga kuwa inda ta kai. Na ɗauki hoton kafin in tafi masallaci, na tura wa Gwaggo."

Insifekta ya dubi Jinjiri. "Me za ka ce?"

Jinjiri bai ɗago kai ba. "Ban saci fanka ba."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

Jinjiri ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Sajan Kamalu, shigar da shi sel kafin mutanen nan su ƙarasa yaga masa riga."

Maganar gaskiya, Insifekta Zaharaddeen bai san kwamfuta ba. Ko saƙon waya da yatsa ɗaya yake rubutawa. Amma ya yi shekaru yana shiga ɗakunan da wuta ta ci, kuma ba ya yarda da shaidar da ta zo a shirye tun kafin ya tambaya.

Da la'asar suka isa cibiyar, shi da Sajan Kamalu da Mansur. Maƙwabta sun fasa ƙofa sun kashe wutar da yashi da ruwan kwata. Babban ɗakin ɗalibai bai taɓu ba. Ƙaramin ɗaki na ciki ne ya ƙone: tebur ya zama gawayi, akwatin kwamfutar ya yi baƙi, robar gabansa ta narke ta zubo.

Insifekta ya tsuguna ya shinshina ƙasan tebur.

"Sajan, zo ka ji."

Sajan Kamalu ya sunkuya. "Fetur, Oga."

"Jarkar janareto a nan muke ajiyewa," in ji Mansur da sauri. "Ƙila ta ɗiga."

"Ina jarkar?"

"Na fitar da ita da safe."

Insifekta ya juya akwatin da ƙafa. Waje ya ƙone ƙurmus. Ya leƙa ta ramukan iska, ya ga ciki ya yi baƙi da hayaƙi amma bai narke kamar waje ba.

"Malam Mansur, ka ga lamba ta wuce tafasar ruwa. Ka tsaya ka ɗauki hoto. Me ya hana ka kashe na'urar?"

"An kira salla, Yallaɓai. Na yi sauri."

"Ɗaukar hoto da turawa, da danna makunni, wanne ya fi sauri?"

"Hankalina ne ya tashi."

"Ba ni wayarka in ga ainihin hoton."

"Na goge. Waya ta cika."

Insifekta ya dube shi. Sannan ya ce wa Sajan ya ɗauki akwatin a sa a mota.

Washegari da hantsi aka fito da Jinjiri. Idonsa ya faɗa. Matarsa ta kawo koko da ƙosai tun safe, bai taɓa ba.

"Ranar Alhamis me ka yi wa kwamfutar?"

"Na hure ƙura kawai."

"Ba ka kwance komai ba?"

"Ban kwance ba."

"To me ya sa tun jiya ba ka iya duban idona? Mutumin da aka yi wa ƙazafi ihu yake yi. Kai kuwa ka yi tsit kamar an kama ka da akuya a ɗaki."

Jinjiri ya ɗago kai.

"Yallaɓai, a ba ni takarda in sa hannu. Ni ne."

"Kai ne ka saci fankar?"

"Wallahi ban sata ba. Fankarta na mayar mata. Amma na kwance ta." Ya numfasa. "A ƙarƙashin fanka akwai firosesa, shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ke yin zafi. Akwai wani toka-tokan mai da ake shafa masa kafin a ɗora fankar, don zafin ya wuce. Da na kwance sai na goge tsohon man. Na buɗe jaka, nawa ya ƙare. Sai an je Katsina. Hajiya kuwa tana tsaye a kaina, yara na jira."

"Sai ka yi yaya?"

"Na shafa makilin."

Sajan Kamalu ya saki baki. "Makilin na goge baki?"

"Wani abokin sana'a ya ce yana riƙewa kwana biyu. Na ce Asabar in sayo na gaske in canja." "Ni na ƙona mata. Ba don Allah ya tsare ba, da yara ne a ciki. A kai ni kotu kawai."

Sajan ya jawo takardar sitatimen. Insifekta ya dafe ta da tafin hannu.

"Ba zai sa hannu ba tukuna. Kawo mini akwatin nan da sukundireba."

Suka ɗora akwatin a tebur suka ɓalle murfin. A ciki akwai madabod, wato babban allon da komai ke manne a kansa, ya yi baƙi. Jinjiri ya nuna musu fankar, Sajan ya kwance ta da ƙyar. A ƙarƙashi akwai wani busasshen abu toka-toka, ya ƙame kamar siminti.

Insifekta ya kankara da farce ya shinshina. "Wannan ne makilin ɗinka?"

Jinjiri ya matso. Ya duba, ya sake dubawa.

"Nawa fari ne. Wannan tsohon mai ne, ya shekara ba a taɓa ba." Ya kai fuska kusa da allon. "Yallaɓai, wannan ba allon ba ne. Wanda na yi wa aiki sabo ne. Wannan kamar na mataccen da ke sito."

"Ɗazu ka ce kai ne, yanzu ka ce ba allon ba ne. Koma ciki ka ci ƙosanka."

DPO ya saurari bayanin, ya girgiza kai.

"Zaharaddeen, wannan duk bakin wanda ake tuhuma ne. Mutumin da ya yi ƙarya ɗazu ya canja yanzu. Ga hoto, ga mai ƙara, ga shi shi ne na ƙarshe da ya buɗe na'urar. Ba zan ci gaba da riƙe mutum ba tare da caji ba. Litinin a kai shi kotu."

"Idan ya shiga kotu da wannan hoton, Oga, sai gidan yari. Ko ya fito, ba mai sake ba shi ko cajar waya ya gyara."

"To kawo mini abin da ya fi hoton. Sannan ka kashe mini wannan jita-jitar. Gari ya ɗauka wai duk kwamfutar da ta nuna jar lamba fashewa za ta yi. Matata ta fitar da ta yara tsakar gida."

"Oga, a bar jita-jitar ta ɗan ƙara tafiya."

"Don me?"

"Ina da aiki da ita."

Hajiya Hansai ta taɓa gaya masa cewa manyan kwamfutocin biyu ta sayo a Kano, iri ɗaya. Ɗayar tana reshen cibiyar a Safana, a hannun Malama Mardiya, malamar kwamfuta da aka turo makarantar garin, tana riƙe mata wurin bayan an tashi aiki. Insifekta ya hau bayan babur ɗin Sajan, suka kama hanya tun rana ba ta take ba. A Safana suka biya ta caji ofis suka gaisa, sannan suka wuce.

Malama Mardiya ta tarbe su da ruwan randa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi da hanya, aka jajanta gobara. Sannan Insifekta ya miƙa mata hoton.

Ta duba ta yi ɗan murmushi. "Zo ka ga wani abu, Yallaɓai."

Ta kai su gaban tata kwamfutar ta buɗe manhajar. Layuka uku. Na uku ja ne: 127.

Sajan Kamalu ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Dawo, Sajan," in ji Insifekta. Ya ɗora hannu a jikin akwatin. Ɗumi kawai. "Malama, tun yaushe take nuna haka?"

"Tun ranar da aka sa manhajar. Da sanyi da zafi, da safe da rana."

"Yi mini bayani kamar kina yi wa ɗan aji ɗaya."

"To. A cikin firosesa akwai ma'aunin zafi. A jikin madabod ma akwai. Ita manhajar ba ta auna komai. Tambaya take yi, ta rubuta abin da aka gaya mata. Layi na farko amsar firosesa ce, na biyu amsar allo. Na ukun tana tambayar wani gurbi ne da masu ƙera allon ba su haɗa masa ma'auni ba. Manhajar tsohuwa ce, allon sabo, ba ta san shi sosai ba. Ba wanda ke amsa mata, sai ta rubuta lamba mafi girma da take da ita, ta shafa mata ja."

"Wato ƙarya take yi."

"Rashin sani ne. Da an sa wadda ta san allon, layin ma ba zai fito ba."

"Jinjiri bai san haka ba?"

"Ya sauko da ita kyauta daga intanet ya sa, bai tsaya dubawa ba. Ni ma sai da na yi bincike."

Insifekta ya sake kallon hoton. Wannan karon bai kalli jar lambar ba.

"Malama, a nan layi na farko talatin da ɗaya, na biyu ashirin da bakwai. A taki kuwa hamsin da wani abu, da arba'in da wani abu. Na'ura tana iya fin ɗakin da take ciki sanyi?"

"Da fanka kawai, ba ta iyawa. Amma kada ka yi sauri. Ma'aunin firosesa an yi shi ne don ya faɗi gaskiya idan zafi ya yi yawa. Idan na'ura tana hutawa yakan rage ko ya ƙara. Na allo ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ba zan rantse a kansa a gaban alƙali ba."

"Ba sai kin rantse ba. Gwadawa za mu yi."

Ya aiki Sajan kemis ya aro ma'aunin zafi na bango. Suka rataye shi kusa da kwamfutar suka zauna jira har rana ta tsaya a ka, daidai irin lokacin da Mansur ya ce ya ɗauki hoton. Ma'aunin bango ya nuna arba'in. Allo ya nuna arba'in da shida. Firosesa hamsin da uku.

Suka jiƙa buhu suka rataye a taga, suka juyo da fankar ɗaki a kan akwatin. Allo ya sauko kaɗan ya tsaya. Bai ko kusanci ashirin da bakwai ba.

"Saura ɗaya," in ji Insifekta. "Buɗe murfin ki tsayar mini da fankar ciki."

"Yallaɓai, kwamfutar Hajiya ce, ita kaɗai ta rage."

"Mutum ne a sel, Malama. Idan ta lalace ni zan amsa."

Ta yi tsaki a hankali, amma ta zare wayar fankar, ta ba kwamfutar aiki mai nauyi. Layi na farko ya fara hawa. Sittin. Saba'in da biyar. Tamanin da takwas. Sajan Kamalu ya ɗauko bokitin yashi ya riƙe. Da ya wuce casa'in kwamfutar ta fara ja kamar jakin da aka yi wa lodi. Ba a jima ba ta ɗauke ɗif.

Ba hayaƙi. Ba wuta.

"Haka aka yi su," in ji Malama Mardiya, tana mayar da wayar fankar. "Idan zafi ya kai inda zai cutar da shi, firosesa yana rage gudu, in ya ƙi sauka ya kashe kansa."

"Ajiye bokitin, Sajan, ka ba ni kunya." Insifekta ya miƙe. "Hoton nan da sanyi aka ɗauke shi, ba jiya ba. Wutar kuma daga waje aka kunna. Saura in san inda allon gaske ya tafi."

"Ƙila ya kai Kano tuni, Oga."

"Ƙila. In kuma bai kai ba, duk wanda yake hannunsa yana kallon jar lambar nan, kuma ya ji labarin Batsari. Je tashar 'yan acaɓa. Ka ce musu duk wanda kwamfutarsa ta nuna wannan lambar ya kawo wa Malama ta duba masa kyauta. Su kai maganar ƙauyuka."

"In ce za ta fashe?"

"Kada ka ce. Sun riga sun faɗa wa kansu."

Suka koma Batsari kafin la'asar ta yi nisa, don hanyar ba ta yamma ba ce. Lahadi da safe suka dawo.

Mutum biyu suka fara zuwa, wani akawu da wani mai shagon hoto. Nasu tsofaffin na'urori ne, lambobinsu ma daban. Malama ta duba ta sallame su. Rana ta yi sama. Sajan ya fara kallon agogo. Insifekta bai motsa daga kan benci ba.

Wajen azahar wani babur ya tsaya a ƙofa, ya sha jar ƙasa. Mai babur ɗin ya ɗauro wani abu a baya, an naɗe shi da jiƙaƙƙen bargo yana ɗigar ruwa. Ya kwance shi da ƙarshen yatsu, ya ajiye nesa da ƙofa.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin Malama? Sunana Tayyib, daga Tsaskiya. Ina da shagon cajin waya da buga takardu." Ya share gumi. "Don Allah a duba mini wannan kafin ta tashi da mu. Kwana na yi da ita a bayan gida."

Malama Mardiya ta jira akwatin ya bushe, ta tabbatar ruwa bai shiga ba, ta haɗa ta kunna. Hoton cibiyar Hajiya an goge shi daga fuska, amma manhajar tana nan. Layi na uku: 127.

"Kun gani," in ji Tayyib. "Ita ce."

"Ba wannan ke ba ni tsoro ba," in ji Malama. "Dubi na farko. Daga kunnawa ya haura tamanin. Wannan zafin gaske ne."

Ta kashe, ta buɗe murfin. Akwatin tsoho ne, kayan ciki sababbi. Allon irin nata ne sak. Ta kwance fankar ta ɗaga.

Wani farin abu ne a kan firosesa, ya bushe ya tsattsage. Insifekta ya sunkuya ya shinshina. Na'a-na'a.

"Sajan, kai ma ji, don kada a ce hancina ne."

Sajan ya shinshina. "Irin wanda nake saye ne ma, Oga."

Sai a lokacin Tayyib ya lura da takalmin Sajan, irin na 'yan sanda. "Ranka ya daɗe, mi na yi?"

"Wa ya ba ka kayan cikin nan?"

"Na saya a Katsina."

"A wane shago?"

Tayyib ya sosa ƙeya.

"Malam Tayyib, kayan nan na sata ne, kuma an ƙona ɗaki a kansu. Ko ka zama shaida ko ka zama abokin laifi. Zaɓi ɗaya, rana tana yi."

"Mansur ne. Mansur na wajen Hajiya Hansai. Tare muka yi makaranta. Ya ce mu haɗa gwiwa mu buɗe namu wurin a Tsaskiya, shi ya kawo na'ura ni in kawo shago, amma kada a ji sunanshi tukuna. Ya ce daga Kano ya sayo. Ranar Juma'a ya kawo mini su a kwali bayan an sauko masallaci, a bakin tasha."

"Da ka ga jar lambar, ka kira shi?"

"Na kira. Ya ce in share, tun lokacin sanyi take nuna haka kuma ba abin da ya faru. To ranka ya daɗe, mutumin da ke gaya wa Batsari duka cewa lambar ce ta ƙona musu ɗaki, ni kuma ya ce in share? Ina da 'ya'ya."

Litinin da safe motar kotu tana tsaye a harabar caji ofis. Insifekta ya roƙi DPO a dakata kaɗan. Ya aika aka kira Hajiya Hansai da Mansur, wai su zo su sa hannu a matsayin masu ƙara.

Mansur ya shigo da farar shadda. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malam Mansur, tambaya ɗaya ta rage. Ranar Juma'a da ka ɗauki hoton nan, akwai zafi a ɗakin?"

"Sosai, Yallaɓai. Gumi har cikin takalmi."

"To karanta mini layi na biyu."

"Ashirin da bakwai."

"Ɗaki yana arba'in, allon da ke aiki a cikinsa yana ashirin da bakwai. Ƙanƙara kuka sa masa?"

"Ai ma'aunan nan suna kuskure."

"Suna yi. Na je na auna iyakar kuskurensu, bai kai haka ba. Amma na ji daɗi da ka san suna kuskure. Ranar Juma'a ba ka ce haka ba."

Mansur ya sauke ƙafa.

Insifekta ya ɗaga murya kaɗan. "Sajan."

Sajan Kamalu ya shigo rungume da akwatin Tsaskiya a buɗe, Tayyib a bayansa. Ya ajiye a gaban Hajiya. Farin makilin yana nan a kan firosesa.

"Hajiya, wannan ne cikin kwamfutarki. Wanda ya ƙone na matacciyar da ke sitonki ne."

Hajiya ta dubi akwatin, ta dubi Tayyib, ta juya ta dubi ɗan ƙaninta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mansur."

"Gwaggo, ƙarya yake yi mini."

"Ni?" in ji Tayyib. "Kiran da na yi maka yana nan a waya. Matata ma ta ji, don a bayyane na sa."

Mansur ya kalli ƙofa. Sajan yana tsaye a bakinta. Ya kalli ƙasa.

"Mansur, da kai nake," in ji Hajiya.

"Na gaji ne, Gwaggo." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke koyarwa. Ko an zo gaisuwa sai ki ce ga yarona. Na ce miki ki ba ni reshen Safana, kika ba baƙuwa. Na ce to bari in yi nawa."

"Shi ne ka sa wuta?"

"Na san ba kowa a ciki. Na sallami yara tun hantsi, na canja allon, na zuba fetur kaɗan. Na ɗauka ɗakin ciki kawai zai taɓa, kuma haka aka yi."

"Hoton fa?" in ji Insifekta.

"Tun watan sanyi yake wayata. Ranar da na fara ganin lambar na tsorata, na ɗauka don in nuna wa Jinjiri. Sai na ga kwana da kwanaki ba abin da ya faru. Da Gwaggo ta kira shi ranar Alhamis, sai na tuna da hoton."

"Me Jinjiri ya yi maka?"

"Ba komai. Shi ne dai ya buɗe ta a ƙarshe."

Sajan ya sa masa ankwa. Hajiya ta miƙe ta kama gefen tebur.

"Insifekta, ɗan ƙanina ne. Ubansa yana kwance ba lafiya. Na janye ƙara. A bar mana maganar mu kashe ta a gida."

"Hajiya, da safen nan kika zo sa hannu a kai Jinjiri kotu. Shi ma yana da gida."

Insifekta ya ci gaba.

"Satar taki ce, kina iya yafewa. Wutar ba taki ba ce. Shaguna ne jere a layin nan. Sajan, tafi da shi."

Aka fita da Mansur zuwa motar, farar shaddar tana jan ƙasa.

Da aka buɗe sel Jinjiri ya fito yana ƙifta ido, ya miƙa hannuwa biyu a haɗe. Ya ɗauka lokacin kotu ne.

"Sauke hannunka," in ji Insifekta. "Gida za ka."

"Yallaɓai, makilin ɗin fa?"

"Aikin banza ka yi, kuma da an bar shi da ya gajiyar da na'urar. Za ka sayo man gaske ka gyara wa Hajiya, ka kuma cire wannan manhajar ka nemo wadda ta san allon. Amma wuta, ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne."

Jinjiri ya zauna a kan benci. Ya rufe fuska da hannu. Hajiya Hansai ta zo ta tsaya a gabansa. Ta ce, "Jinjiri, ka yafe mini." Ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

Sajan ya dawo yana kaɗa makullin babur. "Oga, in sauke shi a gida?"

"A'a." Insifekta ya ɗauki hularsa. "Tashi, Jinjiri. A ƙasa za mu tafi, ni da kai, ta tsakiyar kasuwa har ƙofar shagonka. Duk wanda ya tambaya, ni zan ba shi amsa."